Hajiya, takardar CAC ba ita ce mallakar sunan kayanki ba

Wata Hajiya daga Kano ta aiko da tambaya. Tana haɗa yaji da kayan ƙamshin miya, tana zubawa a robobi masu ɗauke da sunan kayanta, shekara 9 ke nan. Tana da takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, tana da lambar NAFDAC. Kwanan nan wani dillalinta a kasuwar Singa ya turo mata hoton shafin mujallar alamomin kasuwanci, sai ga wani kamfani na neman rajistar suna irin nata, harafi ɗaya kawai ya sauya. Tana so ta san ko kotu za ta kai shi ko wajen 'yan sanda, tunda a cewarta sunan nata ne, gwamnati ta ba ta takarda.

Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan fara faɗa. Takardar da ke hannunki ta rajistar sunan kasuwanci ce, shaida ce cewa hukuma ta san da sana'arki da wanda ke yin ta. Lambar NAFDAC kuma izinin sayar da abin ci ne. Babu ɗaya a cikinsu da ta mallaka miki sunan da ke jikin robar. Wannan aikin wani ofishi ne daban, ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari a Abuja, a bisa dokar 1965. 'Yan kasuwa da yawa ba su san da bambancin ba sai ranar da abu irin wannan ya same su. Sashe na 3 na dokar ya ce wanda bai yi rajistar alamarsa ba ba zai iya shigar da ƙarar keta haƙƙin alama ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙarar cewa wani na sayar da kayansa da rigar naki, mutane na saye a zaton naki ne, kuma wannan sai an kawo hujjoji masu nauyi. Batun 'yan sanda kuwa ki ajiye shi. Neman rajista ba laifi ba ne.

Amma ba ki makara ba, in dai lokacin bai wuce ba. Fitar suna a mujallar nan ba rajista ba ce, cigiya ce: duk mai ja ya fito. Sashe na 20 ya ba da wata 2 daga ranar da aka buga. A cikin wannan wa'adi lauyanki zai shigar da takardar ƙalubale ga magatakardan ofishin, da dalilai a rubuce. Sauran tsari ne sananne. Za a aika wa kamfanin, ya amsa cikin wata 1, in ya yi shiru a ɗauka ya janye. In ya amsa, kowa ya kawo hujjarsa a takardar rantsuwa, magatakarda ya saurara ya yanke, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa Babbar Kotun Tarayya.

Ko za ki yi nasara? Ba zan yi miki alkawari ba, ban ga robar ba, ban ga tasa ba. Da kin yi rajista tun farko, sashe na 13 kaɗai ya isa, domin ya hana a yi rajistar alamar da ta yi kama da wadda aka riga aka yi wa rajista a kan kaya iri ɗaya. Tunda ba ki yi ba, madogararki sashe na 11 ne, wato sunan zai ruɗi masu saye. Nan ne shekarunki 9 za su yi miki aiki, amma sai in suna kan takarda. Magatakarda ba zai ji "kowa a Kano ya san yajina" ba. Yana so ya ga rasiɗin mai buga miki leda na shekarar farko, da littafin da kike rubuta bashin dillalai, da tallan rediyo in kin taɓa bayarwa, da hotunan Facebook masu kwanan wata. In akwai mai shagon da ya taɓa karɓar kayan wancan a zaton naki ne, kuma zai yarda ya rantse, ya fi miki duk waɗannan.

Akwai abubuwa biyu da za su iya raunana ki. Na farko rukuni. Ana rajistar alama ne rukuni-rukuni, guda 45, yaji yana na 30. In shi sabulu ko turare yake nufi, a rukuni na 3, hujjar ruɗani ta yi rauni ƙwarai. Na biyu shi kansa sunan. In kalma ce ta kowa, mai bayyana kayan ko garin da ake yin su, da wuya a bar wa mutum ɗaya ita, ke ko shi. Kada kuma ki dogara da cewa launin robarku ɗaya. A shari'ar Ferodo da Ibeto ta 2004, kan kwalin birkin mota, Kotun Ƙoli ta ce kalmar Ferodo ce alamar da aka kare, ba launuka da adon kwalin ba, kuma Ferodo ɗin da ke da rajista ne ya sha kaye.

Shi ma kamfanin ba na ganin ya yi abin a yaba. Wanda zai zuba kuɗi a suna ya kamata ya zaga kasuwa ya duba tukuna, kuma sauya harafi ɗaya tsohuwar dabara ce. Sai dai mai yiwuwa ne bai san da ke ba, kuma doka ta ba magatakarda damar barin alamomi biyu su zauna tare in kowa ya yi amfani da tasa da gaskiya. Saboda haka kada ki hau intanet ki kira shi ɓarawo, za ki jawo wa kanki ƙarar ɓata suna a banza.

Ni shawarata, ki shigar da ƙalubalen don ki riƙe matsayinki, ki kuma nemi taki rajistar a makon nan, sannan lauyanki ya rubuta masa a zauna. Irin wannan sauraro kan ja lokaci, kuɗin lauya na tafiya, wanda ya faɗi kuma ana iya ɗora masa kuɗin ɗawainiya. Shi ma ya san ko ya samu rajistar, sashe na 7 ba zai bar shi ya hana ki sana'ar da kika riga shi farawa ba, in kin tabbatar ba ki taɓa dakatawa ba. Wannan kan sa mutum ya sauko. Zai iya sauya suna, ko ya cire yaji daga jerin kayansa, ko ku rubuta yarjejeniyar wanda zai sayar da me. Cibiyar sasanci ta babbar kotun jihar Kano na yin irin wannan zama.

Hoton da dillalin ya turo miki shafin ciki ne, babu kwanan wata a jiki. A nemo bangon mujallar yau, domin daga ranar da ke kansa ake ƙirga wata biyun, kuma kada ki sa rai za a ƙara miki ko kwana ɗaya.