Amsa kan yadda za ka gane mai kiwon karnuka na ƙwarai

Ɗan'uwa ka tambaya ta yaya za ka gane mutumin kirki kafin ka sayi ɗan kwikwiyo a hannunsa. Ni dai abu na farko, ka je har inda yake kiwon da ƙafarka, ka ga uwar da idonka. In ya fara kame-kame ko ya ce ku haɗu a hanya ya miƙo maka, wallahi ka haƙura kawai.

Kar ka yarda ka karɓa bai kai sati 8 ba, don a wannan lokacin ne yake koyon zama da 'yan'uwansa, wanda aka raba da uwa da wuri sai ka ga ya taso da tsoro ko yawan cizo. Ka nemi katin rigakafi na likitan dabbobi, musamman allurar parvo, ciwon nan yana kashe su ba kaɗan ba, sannan ka ji ko an ba shi maganin tsutsar ciki. In irin karen nan ne da ake kira German Shepherd ka tambayi lafiyar ƙugun iyayen, don ciwon ƙugu gadonsa suke yi.

Shi ma mai kiwo na kirki zai yi ta maka tambayoyi, ina za ka aje shi, wa zai kula da shi, kar ka ji haushi.