Maza sun janye matansu daga ajina, wai karatun matan aure shirin Turawa ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar ajin yaƙi da jahilci ce a wani ƙauye. Da mata sun cika ajin, har wasu sun fara karanta katin asibiti da kansu. Sai aka fara yaɗa cewa tara matan aure ana koya musu karatu shirin Turawa ne na kashe aure da hana haihuwa. Yanzu kusan rabinsu mazajensu sun hana su zuwa. Na kafa hujja da Nana Asma'u, aka ce ai ita 'yar Shehu ce, a cikin gida ta yi karatunta, ba ta tara matan mutane ba. Ina tsoron ajin ya mutu. Me zan ce musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri. Kada ki rufe ajin nan ko da mata biyar ne suka rage, domin ranar da kika rufe shi, masu jita-jita za su ce gaskiyarsu ce ta fito.

Wanda ya ce Nana Asma'u ba ta tara matan mutane ba, sunanta kawai ya sani. An haife ta a Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864, kuma babban aikin da ta bari shi ne 'Yan Taru, wato daidai abin da ake musu a kai. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta karantar da su, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta sa mata malfa da jan rawani don duk wanda ya gan ta a hanya ya san malama ce. Jaji ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata su taka har Sakkwato, su ɗauki karatu, su koma su isar da shi ga matan aure da ke cikin gidajensu. Saboda waɗannan matan karkara ne ta zuba ilimi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, alhali tana iya rubutu da Larabci, don mace ta haddace tana daka tana rerawa. Har sunayen surorin Alƙur'ani ta jera cikin waƙa. Da wata jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, marsiyya ta yi mata. Mijinta kuwa, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, bai hana ta ba, kuma bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Duk wannan ya faru tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903.

Wannan maganar ta cewa karatun matar aure baƙon abu ne, kullum ina cin karo da ita, kuma wallahi tana ƙona mini rai. Ba daga jahilai kaɗai take fitowa ba. Za ka ga mutum da rawani, yana ambaton Shehu Usmanu da ladabi, amma bai taɓa buɗe Nurul Albab ba, inda Shehun ya yi kaca-kaca da malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Abin da Shehu ya yi faɗa a kai, shi ake karewa yau da sunan addini. Kuma wa ke ɗaukar asarar? Uwar da aka rubuta mata rabin cokali sau uku ta ɗura wa jariri cokali uku a lokaci ɗaya. Matar da ke miƙa katin banki da lambar sirrinta ga yaron POS saboda ba ta gane lambobi. Wadda aka mutu aka bari da marayu, aka sa ta dangwala yatsa a takardar gona ba ta san sayarwa aka yi ba. Ko hukuncin haila da na gado, da yawa sai abin da miji ya ga damar faɗa musu. Ita kuwa ƙaryar hana haihuwa mun san ta tun tuni. Da ita aka tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, kuma yaran da suka shanye a lokacin suna nan a raye, masu yaɗa maganar babu wanda ya ɗauki nauyin ko ɗaya daga cikinsu. Allo da fensir ta ina za su hana mace haihuwa? Duk wanda ya faɗi haka, a ce ya nuna mace ɗaya tak da hakan ta same ta.

Sai dai mu ma masu aikin muna ba jita-jita ƙofa. Shiri zai zo da motoci da tutoci da suna na Turanci, ba a gaida liman ba, ba a zauna da mazaje ba, a ɗauki hotuna, bayan wata uku a ɓace, malamai suna bin bashin alawus. Ɗan ƙauye ba wawa ba ne, dole ya yi zargi. Nana Asma'u ba ta aika baƙi ba, matan garin ta ɗaukaka.

Saboda haka ki bar jayayya da mazan ke kaɗai. Ki je wurin mai gari da liman tare da wani dattijo da suke jin nauyinsa, ki ajiye littattafan ajin a gabansu su duba shafi-shafi. Ki roƙi liman ya nemo maganar Shehu a kan karantar da mata ya karanta wa jama'a da bakinsa. Ki sa lokacin aji bayan azahar, a tashi kafin la'asar ta yi sanyi, don kada girki ya zama hujja. Ki samo tsohuwa guda da garin ke girmamawa ta riƙa zama a ajin, ita za ta raka mata ta mayar da su. Waɗanda kuma aka hana fita ƙememe, ki ware biyu ko uku cikin ɗalibanki da suka fi ganewa, kowace ta ɗauki gida ɗaya tana shiga da allo sau biyu a mako, da izinin maigidan.