Tokar da Ke Goshin Jikarku, Kawu

Kawu, barka da war haka. Ina fata kun tashi lafiya, ku da su Inna da dukan mutanen gida. Yaya zafin Sakkwato? Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Saƙonku na murya na nan cikin wayata, na saurare shi ya fi sau uku. Hoton da uwar yara ta tura wa dangi ne ya tayar muku da hankali, wanda aka ga jikarku da baƙin tabo a goshi mai siffar gicciye. Kuka ce, "Mi yak kai ku ga wagga toka? Ko kun koma Katolika ba mu sani ba?" Kuka ja mini Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya ce mai azumi ya wanke fuskarsa, kuka ƙara da Galatiyawa sura 4, inda Bulus ya yi wa masu kiyaye ranaku da watanni faɗa. Na yi muku alkawarin cikakkiyar amsa bayan Ista, don maganar ta fi ƙarfin minti biyu na waya. Tunda kuma ba ku kaɗai ke wannan tambaya ba, da izininku na rubuta ta inda sauran 'yan'uwa za su gani.

Ba mu koma Katolika ba, Kawu. Tarbiyyar ECWA da kuka ba ni tana nan daram. Amma tun da muka zauna a nan Lids, a arewacin Ingila, cocin Angilika da ke bakin layinmu muke zuwa, can aka yi wa yara baftisma, can muke cin jibin Ubangiji. Su kuma mutanen nan suna da abin da ban taso da shi ba, wato shekarar ikilisiya. Mu a gida Kirsimeti muka sani, da Ista, da sujadar shiga sabuwar shekara, da godiyar kaka. Su sun ɗauki rayuwar Yesu sun shimfiɗa ta a kan makonni 52, kowace Lahadi da nata karatun da nata launin.

Bari in fara da tokar, tunda ita ce ta kawo maganar. Ranar Lahadin da ake tuna shigar Ubangiji Urushalima a kan jaki, kowa ana miƙa masa ɗan ƙaramin gicciye saƙaƙƙe da ganye. Ranar da aka fara ba ni shi, ina kai shi kusa da hanci sai na tsaya cak. Ƙanshin kaba ne, Kawu, ƙanshin sabuwar tabarma irin wadda Inna ke shimfiɗa wa baƙo. Daga baya na ji cewa da yawansu daga kudancin Tanzaniya ake saƙo su, da ganyen wata bishiya 'yar'uwar goruba. Mutum ya kai nasa gida, ya maƙala a bango ko ya sa cikin Littafi Mai Tsarki, ya shekara yana ganinsa. In azumin kwana 40 na kafin Ista ya gabato sai a ce kowa ya maido, a tara a ƙone, a kwaɓa tokar da ɗan mai. Ganyen da aka ɗaga ana "Hosanna" bara, shi ne ke zama toka bana. Limamin zai dangwala da babban yatsa, ya shafa wa mutum a goshi, ya tuna masa maganar Farawa 3:19, cewa shi turɓaya ne, ga turɓaya kuma zai koma, ya juya wa zunubi baya ya riƙe Almasihu. A gabana ranar akwai wani tsohon likita da ke dogara sanda, a bayana yarinyata mai shekara tara. Magana ɗaya aka faɗa musu, ba a ƙara wa wannan ba, ba a rage wa waccan ba. Da na ji an ce wa 'yata ita turɓaya ce, sai da jikina ya yi sanyi, amma gaskiya aka faɗa mata.

Ayar Matiyu da kuka ja mini kuwa, ita ce aka karanta a wannan dare na Laraba, 18 ga Fabrairu, kafin a shafa wa kowa komai. Wa'azin ma a kanta aka yi: in tokar za ta zama abin nuna wa mutane cewa kai mai ibada ne, goge ta kafin ka fita ƙofa. Ni nakan goge tawa. A nan kuna da gaskiya, hoton nan bai kamata ya bar gida ba, mun kuma yi maganar da uwar yara. Ba a tilasta wa kowa, wanda bai so ba ya zauna a kujerarsa. Batun Galatiyawa kuma, abin da na fahimta shi ne Bulus yana faɗa ne da masu neman ceto ta hanyar kiyaye ranaku. Shi ɗin ne a Romawa 14 ya ce mai girmama wata rana saboda Ubangiji yake yi. Da zan ji wani ya ce toka na wanke zunubi, ranar zan ɗebi iyalina mu fita.

Daga wannan Laraba zuwa Ista kwana 46 ne, in an cire Lahadi shida sai ya zama 40, adadin kwanakin da Yesu ya yi a jeji. Azuminsu ba irin wanda maƙwabtanmu Musulmi ke yi ba ne. Wani ya bar nama, wani ya bar zaƙi, wani ya tsallake abincin rana ya ba da kuɗin sadaka. Mu 'yan gida mukan ga kamar da sauƙi, don haka wasunmu kan yi na sosai ranar Laraba da Jumma'a, ba ci ba sha har yamma. Kafin a shiga azumin ma, ranar Talata, kowane gida soya fanke ake yi don a ƙarar da ƙwai da mai. Su "pancake" suke ce masa, a nan na gane inda kalmarmu ta fanke ta samo asali.

Kun kuma taɓa tambayata me ya sa Ista ba ta tsayawa wuri ɗaya. Mutumin Sakkwato ba ya buƙatar dogon bayani, tunda mun taso muna ganin gari ya yi tsit ana jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Ista ma wata take bi, sai dai ba jinjiri ba, cikakke: Lahadin farko bayan cikar watan da ya faɗo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Shi ya sa ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Tun babban taron shugabannin ikilisiya a birnin Nikiya a shekara ta 325 ake neman haɗa kan ikilisiya a kan wannan rana. Bara, 2025, ta faɗo 20 ga Afrilu, bana, 2026, 5 ga Afrilu. Bara ɗin ma azumin Ramalana ya kama ranar 1 ga Maris, namu ranar 5, sai ga mu da abokan aikina Musulmi muna yi wa juna sannu da ƙishirwa.

Ita shekarar ba a Janairu take farawa ba. Tana kamawa ne Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, lokacin da ku kuke cikin hazo da hunturu, mu kuma rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. A waje kantuna sun cika da fitilu da kiɗa, a cikin coci an lulluɓe bagade da shunayya, ana kunna kyandir ɗaya kowane mako, ana karanta Ishaya da Yahaya Mai Baftisma da zancen dawowar Ubangiji. Ba a cika taɓa waƙoƙin haihuwa ba sai an matso. Da farko abin ya ƙona mini rai, ina ganin an hana ni murna. Yanzu kuwa makonnin nan na jira suna cikin waɗanda na fi so. Bayan Kirsimeti sai 6 ga Janairu, zuwan masanan gabas, sai 2 ga Fabrairu, ranar da tsoho Saminu ya rungumi jaririn a Haikali. Bayan Ista kuma kwana 40 zuwa hawan Yesu sama, na 50 Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki.

Amma abin da ya sa na zauna a cocin nan ba kyandir ba ne, ba launi ba ne. Jadawalin karatu ne. Akwai tsari na shekara uku da ikilisiyoyi da yawa suka haɗu suka fitar a 1992, shekara ɗaya Matiyu, ɗaya Markus, ɗaya Luka, Yahaya kuma ana shigo da shi musamman a azumi da bayan Ista. Bana Matiyu muke ciki. Abin nufi, mai wa'azi ba shi ke zaɓen aya ba, ayar ce ke jiransa. Kawu, ku dattijon ikilisiya ne, kun fi ni sanin yadda abin yake. Akwai mai wa'azin da in yana da damuwa da wani, sai ya nemo ayar da za ta soke shi. Akwai wanda duk inda ya buɗe Littafin sai ya ɓulla ga Malakai sura 3 da zancen zakka. Akwai surorin da sai mutum ya shekara ashirin yana zuwa sujada bai ji an taɓa su ba. A nan, in ranar maganar saki ta zo a Markus 10, ko rabin masu zaune sun taɓa rabuwa da aure, dole a karanta, dole mai wa'azi ya tsaya ya fuskance ta.

Ni ma ta same ni. Daga Fentikos har Nuwamba kore ake sa wa bagade, alamar girma da yabanya, kuma ya yi daidai da daminarmu. A waɗannan watanni ake bin koyarwa da misalan Yesu ɗaya bayan ɗaya. Ranar 3 ga Agustan bara aka iso Luka 12, mai arzikin nan da gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya. A lokacin wata huɗu ke nan ina karɓar aikin dare a kan na rana, har Lahadi nakan shiga coci ido jawur, duk don in ƙarasa ginin da kuke duba mini a gida. Matar da ta yi wa'azin ba ta san ni sosai ba, ba ta taɓa ganin rumbu ba, ba ta kai minti goma sha biyar tana magana ba. Ta ce mu ƙirga sau nawa mutumin ya ce "ni" da "nawa", mu kuma nemo sunan mutum ɗaya ban da shi a cikin shirinsa. Ni da na taso ina miƙa damman gero a zuba a rumbu, sai na ga kaina tsaye a ƙofarsa. Da a gida ne, da na ce wani ya kai ƙarata wurin fasto. A nan ba ni da wanda zan zarga, don an sa ayar a wannan rana tun kafin in sayi filin. Shi ne dalilin da ginin ya ɗan tsaya, ban taɓa gaya muku ba sai yau.

Kada ku ɗauka ina cewa nasu ya fi namu. Tsari ba ya cika kujeru. A ƙidayar 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wels kashi 46 ne cikin ɗari, alhali a 2011 sun kai 59. Cocinmu zai ɗauki ɗaruruwa, amma yawancin Lahadi furfura ce ta fi yawa a ciki. Wani lokaci wa'azin ya yi sanyi har ka rasa inda zai kama ka, ba a kiran tuba, ba a ba da shaida, sa'a ɗaya an sallami kowa. Godiyar kakarsu gwangwanayen abinci ake tarawa don mabukata, abu mai kyau, amma idona na neman mata 'yan zumunta da anko suna shigowa da kwanonin dawa da wake a ka, ana buga tulu ana kaɗa caki.

Shi ya sa sau ɗaya a wata mu masu jin Hausa muke haɗuwa da yamma a wani ɗakin taro. Akwai 'yan Zuru, da 'yan Kano, da 'yan Jos, da iyali ɗaya daga Maraɗi. Mukan ɗauki bisharar da aka karanta da safe mu sake karanta ta da Hausa, mu tattauna har sai kowa ya ƙoshi, mu yi waƙoƙin da muka taso da su, mu ci tuwo. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu, kuma ba na so ya tsaya a kaina. Yaran kan amsa mana da Turanci, amma doka ce kowane yaro ya haddace aya ɗaya ta wannan wata da Hausa. Lahadi ta huɗu ta Ista kullum Makiyayi Mai Kyau ake karantawa daga Yahaya 10. Turawan nan tumakinsu a cikin shinge suke, da kare ake kora su. Sai da na ba yara labarin yadda ɗan Fulani ke wucewa gaba a bakin gulbin Rima, ya yi kira ɗaya garke ya bi shi, kafin suka gane abin da ake nufi da tumaki sun san muryarsa.

Fentikos ta bana 24 ga Mayu ce. Al'adar cocinmu a ranar a karanta Ayyukan Manzanni sura 2 da duk harsunan da ke cikin jama'a. Shekara shida ni nake karanta na Hausa, bana jikarku ce za ta yi. Kullum da dare muna bita, har yanzu "ƙ" da "ɗ" na ba ta wuya. In kun yarda zan kira ku ranar Asabar ta karanta muku, ku gyara mata da kanku.

In Allah ya kai mu, muna tafe gida a watan Yuli, daidai lokacin da za a karanta misalin mai shuka. Jikarku ta ajiye gicciyenta na bana cikin Littafinta, ta ce za ta kawo muku ku sansana, ku gaya mata ko kabar irin ta gida ce. A gaida Inna, a gaida dattawan ikilisiya.