Jirgin da ke nutso ba matuƙi

Tambaya: Malam, ni masunci ne a tafkin Madarunfa. Ɗana da ke karatu a Maradi ya ce akwai jirgin da ke nutso shi kaɗai, yana zana taswirar ƙasan teku. Da wane ido?

Amsa: Ɗan'uwa, yaronka ya yi gaskiya, sai dai da kunne jirgin yake aiki. Ƙara yake aikawa, ta bugi ƙasa ta dawo, kwamfuta ta lissafa nisan, tunda sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa. Da irinsa aka gano Endurance, wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse tun da daɗewa, a 2022, a zurfin mita 3,008 cikin tekun Weddell da ke yankin Antarctica, can ƙarshen kudancin duniya. Tafkinku kuwa, ni a ganina gorar tuƙinka ma ta isa awo.