Yadda hedikwatar gunduma ke zama kufai

Malam, ka tambaya ta yaya garin da ya taɓa riƙe hedikwatar gunduma a Amurka zai zama kufai. Sau da yawa abin da ya tara mutanen ne ke ƙarewa, sai kotu da ofisoshi su bi jama'a.

Dubi Belmont a jihar Nebada. Azurfa ce ta kafa garin, ya zama hedikwatar gundumar Nye a 1867, har aka gina masa kotu ta jan bulo mai bene a 1876. Da ma'adinin ya ja baya, aka kuma samu wani a Tonopah, sai aka mayar da hedikwatar can a 1905. Ginin kotun yana nan tsaye, babu alƙali, babu mai ƙara.

Na Kahaba a Alabama ya fi taɓa mini zuciya, domin har babban birnin jiha ya taɓa zama. Yana mahaɗar koguna biyu, ambaliya ta yi ta damunsa. A 1866 aka ɗauke hedikwatar gundumar Dalas zuwa Selma, lauyoyi da 'yan kasuwa suka bi. Wasu ma rushe gidajensu suka yi, suka kwashe bulo da katako suka sake gini a can.