Yadda ake cire √ daga lambar ƙasa

Ka tambayi dalilin da ya sa ake mayar da 1/√2 zuwa √2/2, da kuma abin yi idan lambobi biyu ne a ƙasan layin rabawa. √2 na nufin lambar da idan aka ninka ta da kanta ake samun 2.

Su biyun darajarsu ɗaya ce, kusan 0.707. An ninka sama da ƙasa ne da √2, wato an ninka da 1 ke nan, don haka siffa kawai ta sauya. Al'adar ta samo asali ne tun kafin kalkuleta: raba 1.414 (wato kusan darajar √2) gida biyu da ka ake yi, amma raba 1 da 1.414 a takarda aiki ne ja. Har yau masu duba jarrabawa sun fi son wannan siffar.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne irin 6/(√5 − √2). Wasu sai su ninka da (√5 − √2) ɗin dai, su sami 7 − 2√10 a ƙasa, ga √ nan daram. Takwararsa mai kishiyar alama ake nema, wato (√5 + √2), domin (a − b)(a + b) = a² − b². Ƙasa ta koma 5 − 2 = 3, sama ta zama 6(√5 + √2). Ka raba da 3, amsa ita ce 2(√5 + √2). Gwada da kalkuleta, duk biyun za su ba ka kusan 7.30.

Ni dai shawarata, ka fara sauƙaƙa lambar kafin ninkawa: √8 daidai yake da 2√2, don haka 1/√8 zai zama √2/4 kai tsaye.