Zaman lissafin ƙarshen wata da ke ƙarewa a shan shayi

Tambaya: Ina da shago biyu a kasuwar Kejetia da sito a unguwar Aboabo, duka a Kumasi ta ƙasar Ghana, muna sarin shinkafa da sukari da man girki. Duk Juma'ar ƙarshen wata ni da ƙanena da yaran shago mukan zauna lissafi. Sai a sha shayi, a ɗan yi cacar baki, a watse, ba abin da ke canzawa. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bana me ka sa a gaba? Shago na uku, ko shiga azumi da kuɗin sarin sukari a hannu ba tare da cin bashi ba? Muddin yaranka ba su san amsar ba, zaman ba zai wuce hira ba, don ba su da abin auna watan.

A ce azumin ka zaɓa. To littafin bashi za a fara buɗewa, ba na ciniki ba. Ciniki yana ruɗin mutum. Ka tuna 2022, shekarar da kuɗinmu na sidi ya faɗi, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100 a Disamba. Wanda ya ba da buhun shinkafa bashi na wata uku, ranar da aka biya shi kuɗin ba su iya sayo masa wani buhun ba. Saboda haka a karanto masu bashi ɗaya bayan ɗaya: nawa ne, kwana nawa, wa ya bayar. Daga nan a gwama abin da ya shigo ta MoMo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, da na littafi, a duba kayan da suka kwana a sito.

Wannan kuma roƙo ne nake yi maka: ka zama na ƙarshen magana. A gidajenmu na Zango, da babba ya buɗe baki, yaro sai "haka ne, Alhaji". Alhali shi ke tsaye bakin shago tun safe, shi ya san wace mai tuwo ta koma saye a wani layi, da dalilinta. Ka fara da ƙaraminsu, ka saurara har ya gama ko da maganar ta sosa maka rai.

Duk abin da aka yanke, a rubuta shi da sunan mai yi da ranar gamawa. Wata mai zuwa da wannan shafin za a buɗe zama, kafin a ɗora butar shayi. Awa guda ta isa. Maganar gida tsakaninka da ƙanenka kuwa, ku ware mata wata ranar, ba a gaban yara ba.